Idan an kori koci, ina yake nufa? Bayani kan makomar masu horar da ƙwallo daga Lafia zuwa Super Eagles

Babu kakar wasan da za ta wuce a gasar Firimiyar Najeriya ba a ji an sallami koci ba. Wani a ba shi wa'adin wasa uku ya gyara, wani a ce ya koma gefe har sai an gama bincike, wani kuma a rediyo zai ji cewa an naɗa magajinsa. Mu 'yan kallo da an yi kwana biyu mun manta, hankali ya koma kan sabon da aka kawo. Shi kuwa wanda aka kora yana da iyali, yana da kuɗin haya da na makarantar yara, kuma sana'ar da ya iya ke nan.

Na haɗa wannan bayani ne saboda 'yan'uwa mazauna Kudu, musamman masu bin ƙungiyoyin Arewa idan sun zo wasa Ibadan ko Ikenne ko Aba ko Inugu ko Fatakwal, da kuma matasan da ke horar da yara a filayen Sabo da Agege da Idi-Araba suna fatan wata rana abin ya zama sana'a. Abin da na lura da shi a taƙaice shi ne: kocin da ya riga ya yi suna a Najeriya ba ya daɗewa a zaune bayan an kore shi, amma sau da yawa yakan tafi ya bar haƙƙinsa a baya. Wanda bai yi suna ba kuma, ko ba shi da takarda, kora ɗaya na iya zama ƙarshen aikinsa.

Me ya sa korar ta yi yawa?

Ƙungiyoyi 20 ne ke buga gasar Firimiya ta NPFL, kowace ta yi wasa 38 a cikakkiyar kaka, huɗu na ƙarshe su faɗa gasa ta biyu, wato NNL, wadda mutanenmu ke kira ajin 'yan dagaji. Mafi yawan ƙungiyoyin nan na gwamnatocin jihohi ne: Kano Pillars, Nasarawa United, Plateau United, El-Kanemi Warriors, Wikki Tourists, Niger Tornadoes, Katsina United, haka ma Enyimba da Rangers da Shooting Stars da Rivers United a Kudu. 'Yan kaɗan ne na masu zaman kansu, irin su Remo Stars ta Kunle Soname da Ikorodu City.

Wannan yana da tasiri kai-tsaye a kan kujerar koci. Shugaban ƙungiya naɗin gwamnati ne, shi ma yana tsoron kujerarsa. Idan aka ci ƙungiya a gida sau biyu, 'yan kallo suka fara ihu, ba zai iya korar 'yan wasa talatin ba, ba zai kuma kori kansa ba. Wanda ya fi sauƙin sadaukarwa shi ne koci. Sannan idan gwamnati ta sauya, ko aka rushe hukumar gudanarwar ƙungiya, sababbin da suka zo kan so su kawo nasu mutumin ko da na da bai yi laifin komai ba. Ga kuma kwantiragin da yawanci bai wuce shekara ɗaya ko biyu ba, don haka rabuwa ba ta da tsada ga ƙungiya.

Misali daga Lafia

Ƙungiyar da na fi sani ita ce tamu ta nan, Nasarawa United, wadda aka kafa a 2003 kuma take wasanninta a filin wasa na birnin Lafia. A nan Azuba, kan hanyar Lafia zuwa Akwanga, duk majalisar da ake hirar ƙwallo ba a rasa muhawara kan wane koci ya fi yi wa ƙungiyar aiki. Idan ka bi sunayen da ake ambata, za ka ga yadda kasuwar masu horarwa take juyawa a ƙasar nan.

Mohammed Baba Ganaru ya ci gasar Firimiya da Kano Pillars sau biyu a jere, 2012 da 2013. Bayan nan ya zo Lafia. Okey Emordi, wanda ya ci wa Enyimba kofin zakarun Afirka a 2004, shi ya karɓi Pillars ya ci mata gasar 2014. Shekara ba ta zagayo ba aka sallami Emordi a 2015, aka sake kiran Ganaru ya koma Kano. Kujerar Lafia ta faɗa hannun Kabiru Dogo. A shekarar ƙungiyar ta ƙare a matsayi na uku, a 2016 kuma Dogo ya kai ta wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Legas, inda Ifeanyi Ubah ta doke ta a bugun fenariti.

Da Dogo ya bar Lafia bai zauna ba. Ya yi Sunshine Stars a Akure, ya yi Lobi Stars a Makurdi, ya yi Wikki Tourists a Bauchi, ya yi Kwara United a Ilori. A tsakanin nan Bala Nikyu ne ya riƙe Nasarawa United na wasu shekaru, shi ne koci a kakar 2020/2021 lokacin da Silas Nwankwo ya ci ƙwallo 19. A 2023 ƙungiyar ta faɗa ajin 'yan dagaji tare da El-Kanemi da Wikki da Dakkada, ta dawo Firimiya a 2024. A shekarar aka sake ganin Dogo a Lafia. Kafin kakar ta ƙare Salisu Yusuf ya karɓe shi, a 2025 kuma aka kawo Mbwas Mangut daga Plateau United.

Ka ga dai, duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya. Mutum ya bar ƙungiya yau, bayan shekara shida a sake neman lambar wayarsa. Shi ya sa gogaggun masu horarwa ba su cika zagin ƙungiyar da ta kore su a jarida ba, sun san za su iya komawa.

Kofi ba ya hana kora, amma yana samo aiki

Da yawa suna zaton wanda ya ci kofi ya tsira. Tarihin gasarmu bai nuna haka ba. Imama Amapakabo ya ci wa Enugu Rangers gasar 2016, ta farko bayan shekara 32 suna jira, amma a 2017, watanni kaɗan bayan bikin, aka raba shi da aikin. Usman Abdallah ya ci wa Enyimba gasar 2019, a farkon 2020 aka sauke shi. A waje ma haka ne: Claudio Ranieri ya ci gasar Ingila da Leicester a watan Mayun 2016, aka kore shi a Fabrairun 2017, lokacin Ahmed Musa da Wilfred Ndidi suna ƙungiyar.

Amfanin kofi yana zuwa ne bayan korar. Amapakabo ya samu El-Kanemi Warriors, daga baya Abia Warriors, ya kuma yi aiki da ƙungiyoyin ƙasa. Abdallah ya yi Wikki Tourists da Katsina United kafin ya riƙe Kano Pillars. Kennedy Boboye ya ci gasar 2017 da Plateau United, ya bar Jos, ya sake cin ta 2021 da Akwa United. Kadiri Ikhana ya ci kofin zakarun Afirka da Enyimba a 2003, ya zo Kano ya ci wa Pillars gasarta ta farko a 2008, ya koma Aba ya sake cin gasar 2015. Abdu Maikaba ya kai Wikki matsayi na uku a 2016, ya ci kofin ƙalubale da Akwa United a 2017, daga nan ya yi Plateau United da Rangers da Pillars.

Akwai abin lura a nan ga mazauna Kudu. A harkar horarwa ba a cika tambayar daga wane yanki mutum ya fito ba idan har yana kawo maki. Bahaushe ya riƙe Enyimba da Rangers da Akwa United, Ladan Bosso ya yi Bayelsa United da Abia Warriors, mutanen Kudu kuma sun riƙe Pillars da El-Kanemi. Korarren kocin Arewa yana da kasuwa a Kudu kamar yadda ɗan kasuwar Arewa yake da ita.

Ƙofofin da ke buɗe wa korarren koci

Ta farko ita ce wata ƙungiyar Firimiya, kuma lokacin da ta fi buɗewa biyu ne: hutun ƙarshen kaka, da tsakiyar kaka sa'ad da ƙungiyoyin da ke ƙasan teburi suka fara firgita. Faɗuwar wani tashin wani, kocin da aka kora a Nuwamba yakan samu aikin ceto a Janairu.

Ta biyu ita ce gasar NNL. Wasu na ganin ci baya ne, amma ƙungiyar gwamnati da ta faɗa tana son dawowa da sauri, kuma takan nemi babban suna. Aliyu Zubairu ya dawo da El-Kanemi Warriors Firimiya a 2024, ya kuma ci kofin ƙalubale a shekarar bayan doke Abia Warriors da ci 2-0, daga nan hukumar NFF ta ba shi Flying Eagles.

Ta uku ita ce ƙungiyoyin ƙasa na matasa da na 'yan wasan cikin gida. Bosso ya kai Flying Eagles gasar duniya a Kanada a 2007, ya zaga ƙungiyoyi masu yawa, aka sake ba shi ita a 2020, ya kai ta zagayen kwata fainal a Ajantina a 2023. Manu Garba, wanda ya ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a 2013, shi ma an sake kiransa fiye da sau ɗaya.

Ta huɗu ita ce ƙwallon mata, wadda a Lafia mun san darajarta. Christopher Danjuma ya ci gasar mata ta ƙasa da Nasarawa Amazons a 2017, ya kuma jagoranci Falconets a gasar duniya. Bala Nikyu ma ya horar da ƙungiyar 'yan mata ta ƙasa ta 'yan ƙasa da shekara 17.

Ta biyar ita ce ƙasashen waje, kuma ita ce mafi ƙunci. Marigayi Stephen Keshi ya kai Togo gasar cin kofin duniya ta 2006, aka sallame shi kafin gasar, ya yi Mali daga 2008 zuwa 2010, sannan ya ci wa Najeriya kofin Afirka a 2013. Emmanuel Amunike ya yi aiki a Sudan, ya kai Tanzaniya gasar kofin Afirka ta 2019, karo na farko tun 1980, ya kuma yi aiki a Masar. Amma irin su 'yan ƙalilan ne, kuma dukkansu sun yi suna tun suna 'yan wasa.

Sauran ƙofofin su ne makarantun koyar da ƙwallo, ƙungiyoyin jami'o'i da na jami'an tsaro, sharhi a rediyo da talabijin, da aikin ofis a sashen fasaha na hukumar ƙwallo.

Super Eagles: kujerar da ta fi zafi

Labarin marigayi Shuaibu Amodu ya isa misali. Ya ci kofin Afirka na masu riƙe da kofin ƙalubale da BCC Lions ta Gboko a 1990, ya ci kofin ƙalubale da El-Kanemi a 1991 da 1992. Ya samar wa Najeriya gurbin gasar cin kofin duniya ta 2002, aka sauke shi kafin a tafi. Ya sake samar mata gurbin ta 2010, aka sake sauke shi kafin a tafi. Duk da haka, duk lokacin da abu ya rikice shi ake kira. Ya rasu ranar 10 ga Yunin 2016 yana daraktan fasaha na NFF, kwana uku bayan rasuwar Keshi, wanda shi kuma aka kora a Yulin 2015.

Gernot Rohr, Bajamushen da ya taɓa horar da Gabon da Nijar da Burkina Faso, ya riƙe Super Eagles daga Agustan 2016 zuwa Disambar 2021. A Fabrairun 2023 Jamhuriyar Benin ta ɗauke shi. A Yunin 2024 ya doke Najeriya da ci 2-1 a Abidjan a wasan neman gurbin kofin duniya, bayan haka Finidi George ya ajiye aikin Super Eagles, kuma cikin makonni ya samu Rivers United. Wanda aka ba kujerar a Janairun 2025, Eric Chelle, shi ma korarre ne: Mali ta sallame shi a Yunin 2024, ya ɗan yi aiki a Oran ta Aljeriya, Najeriya ta ɗauko shi.

Batun haƙƙi: inda bambancin yake

A Turai kora kan zo da kuɗi. Lokacin da Manchester United ta sallami Jose Mourinho a Disambar 2018, ta bayyana a lissafinta cewa ta biya fam miliyan 19.6 gare shi da ma'aikatansa. Irin wannan mutum yana iya zama shekara guda yana zaɓen aikin da yake so. Masu horarwa a Ingila kuma suna da ƙungiyarsu mai lauyoyi tun 1992.

Tun Janairun 2021 FIFA ta sa ƙa'idoji na musamman kan kwantiragin masu horarwa. Idan aka kori koci ba tare da hujja ba kuma bai samu wani aiki ba, diyyarsa ita ce kuɗin sauran wa'adin kwantiragin. Idan ya samu sabon aiki, a cire abin da yake karɓa a can. Idan aka riƙe masa albashin wata biyu, yana iya rubuta takardar gargaɗi ta kwana 15, in ba a biya ba ya tafi ya nemi diyya. Dole kuma a shigar da ƙara cikin shekara biyu. Da irin wannan hanya Rohr ya kai NFF ƙara, a Mayun 2022 FIFA ta umarci a biya shi kusan dala 378,000.

To amma fa kotun FIFA tana sauraren rikicin da ya haɗa koci da ƙungiya ko hukumar wata ƙasa ce daban da tasa. Ɗan Najeriyan da ke aiki a Najeriya sai dai ya je kwamitin sasanci na NFF, ko Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ko ya yi nasara, karɓar kuɗin wani aiki ne daban, domin ƙungiyar gwamnati tana jiran a saki kuɗi daga ma'aikata, kuma bashin tsohon koci ba shi ne a gaban kowa ba. Sannan akwai tsoro. Kasuwar kujeru ashirin ce, shugabannin ƙungiyoyi sun san juna. Kocin da aka yi wa shaidar mai kai ƙara yana iya rasa kira na gaba. Shi ya sa da yawa kan haƙura da albashin watanni da alawus na wasa don su tsira da sunansu. Sabon aikin da muke gani sun samu da wuri, sau da yawa wannan haƙurin ne farashinsa.

Dakatarwa ta fi kora illa

Kora kan wuce, amma hukuncin da ya taɓa mutunci yana daɗewa. A Satumbar 2018 NFF ta dakatar da Salisu Yusuf na shekara ɗaya tare da tarar dala 5,000, bayan wani bidiyon binciken ɗan jaridar Ghana Anas Aremeyaw Anas ya nuna shi yana karɓar dala 1,000. Ya ce kyauta ce, ba ta shafi zaɓen 'yan wasa ba. Mutumin da ya ci wa Enyimba kofin ƙalubale a 2013, ya kai Najeriya wasan ƙarshe na gasar CHAN a Maroko a 2018, ya dawo aiki daga baya, har ya zo Lafia kamar yadda na ambata, amma maganar ba ta daina binsa ba.

Na Samson Siasia ya fi tsanani. A Agustan 2019 FIFA ta haramta masa harkar ƙwallo har abada kan zargin amincewa da karɓar cin hanci don murɗe wasa, zargin da ya musanta. Kotun wasanni ta duniya da ke Lausanne ta rage hukuncin zuwa shekara biyar a 2021, ya ƙare a Agustan 2024. Shekara biyar babu aiki ga wanda ya kai Najeriya wasan ƙarshe a gasar Olamfik ta 2008 kuma ya samo tagulla a ta 2016.

Waɗanda ba a jin labarinsu

Duk sunayen da na lissafa na sama ne. Idan aka kori babban koci, yawanci mataimakansa da mai horar da masu tsaron raga da mai kula da motsa jiki su ma sun tafi, domin sabon zai zo da mutanensa. Su babu jaridar da za ta rubuta sunansu. Wanda ya yi sa'a ubangidansa ya tafi da shi sabuwar ƙungiya. Wanda ma'aikacin hukumar wasanni ta jiha ne da aka ba da aronsa ga ƙungiya, ya koma ofis ya ci gaba da karɓar albashinsa, kuma wannan ba ƙaramin rufin asiri ba ne. Wanda ba shi da ko ɗaya kuwa ya koma gasar NLO ta ƙananan ƙungiyoyi, ko filin makarantar firamare yana horar da yara, ko ya bar harkar ya kama kasuwa.

Ga mai son shiga sana'ar

Abu na farko takarda. Lasisin hukumar CAF hawa-hawa ne, daga D zuwa C, B, A, har na ƙwararru, kuma ta hannun NFF ake yin kwasa-kwasan. Akwai kuma Cibiyar Wasanni ta Ƙasa, NIS, a harabar babban filin wasa na Surulere, wadda ga mazaunin Legas tafiyar mota ɗaya ce ko biyu. Ba a barin mai ƙaramin lasisi ya zauna a benci a matsayin babban koci a wasannin CAF, kuma da aka kore ka, takardar ce ke tafiya tare da kai.

Na biyu, kada ka yarda da alkawarin baki ko na wane ne. A rubuta albashi, wa'adi, alawus, masauki, da abin da za a biya idan aka raba gari kafin lokaci, ka riƙe kwafinka mai sa hannu. Idan aka ce ka koma gefe, nemi a ba ka a rubuce, domin wanda ya daina zuwa aiki ba takarda ana iya cewa shi ya gudu.

Na uku, kada ka saki sana'ar hannunka da wuri. Mai shago a Mile 12 ko Sabon Shagamu da ke horar da yara da yamma ya fi kwanciyar hankali a kan wanda ya sayar da komai ya bi ƙungiyar da ba ta biyan albashi.

Na huɗu, tsare hannunka daga kuɗin iyayen yara da na dillalan 'yan wasa. Ƙungiya ta kore ka saboda rashin maki, wata za ta ɗauke ka. In aka ce kana sayar da riga, labarin zai riga ka isa duk garin da ka nufa.

Allah ya ba masu nema sa'a, ya kuma sa a riƙa biyan ma'aikaci haƙƙinsa tun guminsa bai bushe ba.